Daga Ƙirgen Taku Zuwa Tauraron Ɗan'adam: Tarihin Awon Tafiya

Wani dattijo da ke karɓar maganin hawan jini a wurinmu duk wata ya tsaya a tagar ɗakin magani bayan na gama yi masa bayanin ƙwayoyinsa. Ya ajiye wayarsa a gabana, sannan ya miƙo hannunsa na hagu, inda ya ɗaura wani agogo da ɗansa ya aiko masa. Ya ce, "Likita, kullum bayan sallar asuba nakan zaga unguwa. Waya ta ce kilomita 4.3 na yi, agogo ya ce 4 cif. Cikinsu wane ne maƙaryaci?" A asibiti duk mai farar riga likita ne, tuni na daina wannan gardamar. Na ce masa, "Baba, babu maƙaryaci a cikinsu, amma kuma babu wanda ya faɗi gaskiya tsantsa." Layi ya yi tsawo a bayansa, don haka bayanin da na yi masa gajere ne. Ga cikonsa nan.

Ƙafa ce ma'aunin farko. Fataken ƙasar Hausa ba su san kilomita ba, da zango suke lissafi, da tafiyar yini ko ta kwana. Rumawa kuwa taku suke ƙirgawa, kuma kalmar "mil" da muke faɗa a yau daga kalmarsu ta "dubu" ta samo asali: taku dubu, kowanne daga inda ƙafa ta tashi zuwa inda ita wannan ƙafar ta sake sauka, jimilla kimanin mita 1,480. Kafin su, rundunar Alezanda sarkin Makidoniya tana tafe da mutanen da ba su da aiki sai ƙirga taku tsakanin gari da gari. Daga baya masu ƙera agogo a Turai suka miƙa aikin ga na'ura, wadda ake ratayawa a ƙugu, duk girgizar taku ta motsa haƙorin ƙarfe guda.

Na'urar da ta fi barin tasiri a zukatan marasa lafiya ta fito ne daga Japan. A shekarar 1965, shekara guda bayan wasannin Olamfik na Tokyo, kamfanin Yamasa ya fitar da na'urar ƙirga taku mai suna Manpo-kei, ma'ana "ma'aunin taku dubu goma". Wannan adadi da wayoyinmu ke yi mana ciki da shi kullum daga sunan haja ya fito, ba daga ɗakin gwajin likitoci ba. Sai bayan shekaru masu yawa aka zauna aka auna shi. A 2019 Farfesa I-Min Lee ta jami'ar Harvard da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi kan mata tsofaffi sama da 16,000, masu matsakaicin shekaru 72. Sun ga cewa masu yin taku kimanin 4,400 a rana mace-mace ya ragu sosai a cikinsu idan aka kwatanta da masu yin 2,700, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har wajen taku 7,500, daga nan ya daidaita. Nakan tuna da wannan duk lokacin da wata tsohuwa mai ciwon gwiwa ta ce mini ta haƙura da tattaki tunda ba ta taɓa cika dubu goma ba.

Masu tsere sun fi kowa damuwa da ainihin nisa. Tsawon gudun fanfalaki, kilomita 42.195, daga wasannin Landan na 1908 ya samo asali, aka kuma tabbatar da shi a hukumance a 1921. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne har gobe ba da tauraron ɗan'adam ake auna hanyar irin wannan tsere ba. Da keke ake aunawa. A 1971 wani Ba'amurke mai suna Alan Jones ya ƙera 'yar na'urar da ake ɗaurawa a gaban keke tana ƙirga juyin taya. Mai awo zai fara gwada kekensa a kan miƙaƙƙiyar hanya da aka auna da tef na ƙarfe, sannan ya bi hanyar tseren ta layi mafi gajarta da ɗan tsere zai iya bi, a ƙarshe a ƙara mita ɗaya a kan kowane kilomita don kada hanyar ta gaza. Shi ya sa wanda ya gama tseren yakan ga agogonsa ya nuna fiye da 42.195, ya yi ta ƙorafi, alhali shi ne ya yi ta kauce wa mutane, agogon kuma ya ƙara nasa gishirin.

GPS kuwa ba don masu motsa jiki aka yi shi ba. Lokacin da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik a 1957, wasu masana kimiyya biyu a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka lura cewa daga yadda sautin saƙon tauraron ke sauyawa za a iya gano inda yake. Sai aka juya tunanin: idan an san inda tauraro yake, ai za a iya gano inda mai saurarensa yake. Ma'aikatar tsaron Amurka ta amince da shirin a 1973, aka harba tauraron farko a 1978. A watan Satumba na 1983 jirgin fasinjan Koriya ta Kudu ya ɓace hanya ya shiga sararin Sobiyet, aka harbo shi, mutum 269 suka hallaka, bayan nan ne Shugaba Reagan ya yi alƙawarin buɗe tsarin ga farar hula. Ya kammala a 1995 da taurari 24, suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa. Duk da haka sojoji da gangan suke gurɓata saƙon da farar hula ke samu, kuskuren yakan kai mita 100. Sai a watan Mayu na 2000 Shugaba Clinton ya ba da umarni aka daina. Ba don wannan umarni ba, da babu maganar auna zagayen unguwa.

Kamfanin Casio ya riga ya saka GPS a agogon hannu tun 1999, amma wanda ya shiga hannun masu gudu sosai shi ne Forerunner na kamfanin Garmin, a 2003, wani ƙato mai kama da ƙaramin akwati a tsintsiyar hannu. Waya ta biyo baya: Nokia N95 a 2007, iPhone 3G a 2008, sai manhajoji irin RunKeeper a wannan shekarar da Strava a 2009. Cikin shekara goma kacal, abin da sai soja ke da shi ya koma aljihun kowa.

To, daga ina bambancin da Baba ya gani ya fito? Waya da agogo duk ruwan rijiya ɗaya suke sha. Taurarin guda ne, kuma yawancin na'urorin yau suna haɗawa da na Rasha da na Turai da na Sin. Kowace na'ura tana sauraren aƙalla taurari huɗu, ta auna lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso, ta lissafa inda take. Saƙon da gudun haske yake tafiya, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa daidai yake da mita 300. Na'urar ba ta auna nisa kai tsaye. Ɗigo take ajiyewa a taswira, kusan duk daƙiƙa, sannan ta haɗa ɗigon da layi. Kowane ɗigo yana iya kaucewa da 'yan mitoci dama ko hagu, sai miƙaƙƙiyar hanya ta koma tafiyar maciji, nisa ya ƙaru. Idan kuma na'urar ta jinkirta ajiye ɗigo, sai ta yanke kwana, nisa ya ragu. Dogayen gine-gine, inuwar manyan itatuwa da ƙunƙuntaccen lungu tsakanin katangu duk suna karkatar da saƙon. Akwai kuma abin da ya shafi marasa lafiya musamman: mai tafiya a hankali mita ɗaya da 'yan kai yake ci a daƙiƙa, saboda haka kaucewar 'yan mitoci ta fi yi masa illa a lissafi fiye da mai gudu.

Agogo yana da fifiko a wurare biyu ko uku. Yana waje yana kallon sama, ba kamar wayar da ke can ƙasan aljihun riga ko cikin jaka ba. Ba shi da wani aiki da zai ɗauke masa hankali, ita kuwa waya tsarin tattalin batirinta yakan rufe manhajar a tsakiyar tafiya, sai a ga miƙaƙƙen layi ya ratsa ta cikin gidajen mutane. Amma a yi hattara, da yawa daga cikin agogunan masu araha da ke kasuwa ba su da GPS nasu. Ko dai su ara daga waya, ko su ƙiyasta nisa daga lilon hannu, wanda ke nufin mai dogara sanda da wannan hannun ko mai tura keken jariri za a tauye masa haƙƙi. Ita waya tana saurin kama taurari saboda taimakon layin sadarwa, kuma sauraren taurarin kansa ba ya cin data. Sama da komai, da ita ake kiran gida. Ga mai ciwon suga ko ciwon zuciya, wannan a ganina ya rinjayi duk wata fa'ida ta agogo.

A asibiti ma muna auna tafiya, kuma hanyarmu ta fi kusa da ta Rumawa. Gwajin tafiyar minti shida, wanda ake yi wa masu ciwon huhu da zuciya tun 1982, a baranda mai tsawon mita 30 ake yinsa, da alama biyu a ƙasa da agogon ƙirga lokaci. Abin da likita ke nema shi ne ya kwatanta tafiyar yau da ta wata uku da suka wuce, a baranda ɗaya, da ma'auni ɗaya. Haka kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ba da kilomita ta zo ba, da minti ta zo: 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako ga baligi. Mu masu harhaɗa magani muna hana iyaye auna maganin ruwa da cokalin shayi saboda ƙaramin kuskure a maganin jariri babba ne. Tafiya ba haka take ba. Bambancin mita 300 a kilomita huɗu ba ya sauya komai a hawan jini. Abin da ke ɓata lissafi shi ne a auna yau da waya, gobe da agogo, sannan a ce an ci gaba ko an koma baya.

Lambar da ta fi tayar mini da hankali a agogon ba ta nisa ba ce, ta bugun zuciya ce. Kamfanin Polar na ƙasar Finlan ya fitar da na'urar auna bugun zuciya marar waya a 1982, don 'yan wasa masu lafiya, da ɗamara a ƙirji. Agogunan yau da koren haske suke leƙen jini a ƙarƙashin fata, sannan su kasa bugun zuwa matakai, galibi bisa tsohon ƙiyasin nan na 220 a cire shekarun mutum. Agogo bai san abin da ke cikin ledar maganinka ba. Atenolol da bisoprolol da propranolol aikinsu ke nan su rage bugun zuciya, don haka mai shan su zai iya yin haki yana gumi agogo na ce masa bai fara ba. Salbutamol na masu asma kuma ɗaga bugun yake yi. Gwajin da ya fi aminci ga irin waɗannan shi ne na baki: idan kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kana kan matsakaici, idan jimla ta gagara, ka sassauta.

Haka lissafin ƙarfin abincin da agogo ke cewa an ƙone. Wani bincike na jami'ar Stanford a 2017 ya gwada na'urorin hannu bakwai, ya samu yawancinsu sun yi ƙoƙari a bugun zuciya, amma babu ko ɗaya da ta auna wannan da kyau. Mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide kada ya sauya abinci ko magani bisa wannan lamba, ya dai fita da dabino ko ƙwayar sukari a aljihu. Mai shan maganin sa fitsari irin furosemide ya guji tafiya a zafin rana. Wanda aka rubuta wa ciprofloxacin kuwa ya dakata da gudu har ya gama, kuma da ya ji ciwo a agara ya tsaya ya koma wurin likita, domin maganin yana iya raunana wannan jijiyar.

Akwai kuma batun sirri. A watan Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya lura cewa taswirar da Strava ta wallafa ta hanyoyin masu gudu ta fallasa sansanonin soja a Siriya da Afganistan. Manhajar da ta nuna sansani za ta nuna ƙofar gida da sa'ar da ake fita kullum, don haka a shiga saiti a rufe taswirar ga baƙi.

Da na sake duba katin Baba, atenolol na cikin magungunansa. Na tambaye shi ko agogon yana ce masa wani abu game da zuciya, sai ya ce ai shi ya sa ya ƙara sauri kwanan nan, agogon na nuna bai kai mataki ba, har ranar Talata jiri ya ɗebe shi ya zauna a dakalin masallaci. Na rubuta wa likitansa 'yar takarda a kan jirin, na roƙe shi ya koma ɗakin duba marasa lafiya kafin ya tafi gida. Wata na zagayowa ya dawo da ƙaramin littafi, ya rubuta kwanan wata da mintin kowace rana, yawanci 35 zuwa 40. Wayar na aljihun gaba. Agogon ma na nan a hannunsa, ya ce kyautar ɗa ba a ajiye ta a durowa, amma yanzu lokacin sallah yake dubawa da shi.