Karen Ruwa a Gaɓar Nilu: Nazarin Muhalli da Tantance Shaida a Khartum da Umdurman

Tsakure

Wannan maƙala ta auna buƙatun karen ruwa da yanayin gaɓar Nilu a Khartum da Umdurman. Ta nuna cewa Farin Nilu, daga madatsar Jabal Auliya zuwa kudu, ya fi Shuɗin Nilu da ƙoramun cikin gari dacewa da rayuwarsa, kuma masunta da 'yan kasuwa su ne shaidun da ya kamata bincike ya fara da su.

Gabatarwa

Nau'i biyu na karen ruwa ne suka shafi kwarin Nilu. Na farko shi ne mai ɗigo-ɗigo a wuya, wanda masana ke kira Hydrictis maculicollis, nauyinsa kilo 3 zuwa 6. Na biyu shi ne marar farce, Aonyx capensis, wanda kan doshi kilo 20. Ƙungiyar IUCN ta sanya dukansu a rukunin dabbobin da suka kusa shiga haɗari. A 1911 Oldfield Thomas ya bayyana samfurin mai ɗigon wuya daga yankin Bor, kuma Henry Setzer ya tattara bayanan dabbobi masu shayarwa na Sudan a 1956. Sai dai tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, Bor da fadamar Sudd, inda ruwa da ciyayi suka fi yalwa, sun koma wata ƙasa. Abin da ya rage wa Sudan shi ne gefen arewa na wannan muhalli, wato inda dabba ta fi saurin ɓacewa ba tare da an ankara ba.

Ruwa Biyu, Hali Biyu

Mai ɗigon wuya da ido yake farauta. Kifi yake bi a cikin ruwa, don haka yana buƙatar ruwa garau da ba ya ƙafewa, da gaɓa mai duhuwar ciyawa ko saiwoyi inda zai ɓuya ya haihu. Marar farce kuwa lalube yake yi da yatsu a cikin laka da ƙarƙashin duwatsu, yana neman ƙaguwa da kwaɗi, saboda haka gurɓataccen ruwa ba ya hana shi ci.

Shuɗin Nilu yakan cika daga Yuli zuwa Satumba, ɗauke da lakar tsaunukan Habasha, sannan ya janye sosai da rani. Da zarar ya janye, manoma sun bi gaɓar da shuka, masu gasa jan bulo kuma sun haƙe ta. Dabbar da ke son duhuwa ba ta da wurin zama a nan. Farin Nilu bai cika hawa da sauka haka ba. Madatsar Jabal Auliya, wadda aka kammala a 1937 kimanin kilomita 40 kudu da Khartum, ta tara ruwa mai nisan ɗaruruwan kilomita, da tsibirai da ciyayi da kifi irin su karfasa da giwan ruwa da tarwaɗa. Kainuwar da ta mamaye kogin tun ƙarshen shekarun 1950 ta wahalar da jirage da masunta, amma ta ƙara wa gaɓar mafaka. A ra'ayin mai wannan nazari, nan ne ya cancanci a kashe kuɗin bincike.

A cikin birni, dajin Sunut mai itatuwan bagaruwa, kusa da mahaɗar kogunan biyu, shi ne wurin da ya rage da sauran duhuwa kafin yaƙin 2023. Ƙoramu irin su Abu Anja a Umdurman sai da damina suke gudu, ba za su riƙe karen ruwa ba, sai dai ya ratsa bakinsu.

Madatsar Habasha, wadda aka fara cika ta a 2020, tana tare laka tana kuma daidaita gudun Shuɗin Nilu. Ruwan da ya ƙara haske zai iya taimakon mai farauta da ido, amma raguwar ambaliya barazana ce ga dazuzzukan bagaruwa da suka dogara da ita.

Tantance Shaida

Ba duk abin da ya faɗa ruwa da magariba ne karen ruwa ba. Guza da tunkun fadama kan ruɗi mai kallo, musamman direban da ya hango abu ya gilma a hasken fitila. Sawu da kashi sun fi ido gaskiya. Sawun marar farce a laka kamar tafin hannun ƙaramin yaro yake, yatsu biyar masu kauri ba alamar farce. Na tunku siriri ne, yatsun dogaye da farce a gaba, guza kuma yakan bar layin jan wutsiya. Binciken David Rowe-Rowe a Afirka ta Kudu ya nuna cewa marar farce yana tauna ƙaguwa har ɓawonta, tunku kuwa yakan bar ƙoƙon bayanta a gaɓa. Kashin mai ɗigon wuya cike yake da ƙaya da ɓawon kifi, kuma yakan ajiye shi a wuri guda, kan dutse ko tudun ciyawa.

Hanya ma shaida ce. A Birtaniya, Jami'ar Cardiff tana karɓar gawarwakin karen ruwa tun shekarun 1990, akasarinsu mota ce ta buge su. Dabbar kan hau titi ne idan ruwa ya cika ƙarƙashin gada. Titin Khartum zuwa Kosti yana bin Farin Nilu, don haka gadoji da kwalbatocinsa wuraren dubawa ne a lokacin cikar kogi.

Kasuwa da Masunta

Kasuwar Umdurman, wadda ta bunƙasa tun zamanin Mahadiyya, ta daɗe da suna wajen fatun kada da mesa da takalmin markub. A 2005 Esmond Martin ya ƙirga kayan hauren giwa fiye da 11,000 a shagunan Khartum da Umdurman, abin da ya tabbatar da cewa zagayen kasuwa hanya ce ta ilimi. Haka za a iya bin dukawa da masu sayar da kayan magani, domin a sassa da dama na Afirka ana neman fatar karen ruwa don magani da ado.

Kasuwar kifi ta Maurada ta fi wannan muhimmanci. Masunci ya san bambancin tarun da kada ya yaga da wanda karen ruwa ya ci kifin ciki, kuma a tarunsa ne dabbar kan nutse. Daga cikin masuntan Nilu akwai Hausawa, jikokin alhazai da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar. Abin takaici ne a ce irin wannan sani yana bakin tsofaffi, bai shiga takarda ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya ƙara wa lamarin gaggawa. An wawashe Kasuwar Umdurman, gidan tarihin halittu na Jami'ar Khartum ya lalace tare da samfuran da aka daɗe ana tarawa, masunta da yawa sun watse. Muna kira ga masanan dabbobi na Sudan da takwarorinsu na Kano da Sakkwato da Zariya masu jin Hausa da Larabci su haɗa hannu, su fara da hira da tsofaffin masuntan Maurada da Jabal Auliya tun suna raye.