Dinarin Rumawa: Yadda Kuɗin Azurfa Ya Koma Tagulla

'Yan uwa, galibinmu a nan kudu kasuwanci ne ya kawo mu, don haka mun san ciwon kuɗi ya rasa daraja a hannun mai shi. Rumawa sun ɗanɗana wannan tun kafin mu, kuma tsabar kuɗinsu na nan a hannun masu tara kayan tarihi tana ba da shaida.

Wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ana tsakiyar yaƙi da Hanibal na Kartaj, Rum ta ƙera kuɗin da ake kira denarius. Nauyinsa kusan giram 4.5 ne, azurfarsa kuma kusan tsantsa. A shekara ta 44 kafin Miladiyya aka buga fuskar Juliyas Siza a kai yana raye, abin da Rumawa ba su saba da shi ba, kuma a shekarar aka kashe shi.

Da ɗawainiyar soja ta yi wa sarakuna yawa, sai suka fara algus. A shekara ta 64 Miladiyya Nero ya rage nauyin kuɗin, ya ƙara masa tagulla. Zamanin Seftimiyas Seferus azurfar ta dawo kusan rabi. A 215 Karakalla ya fito da sabon kuɗi a matsayin dinari biyu, alhali azurfar cikinsa ta ɗaya da rabi ce. Kafin 270 abin ya zama tagulla da aka shafa wa azurfa. Mutane suka ɓoye tsofaffin kuɗi masu kyau, farashi ya yi ta hawa. A 301 Sarki Diyokiletiyan ya ƙayyade farashin kaya da doka, amma dokar ba ta yi tasiri ba.

Shi ya sa masu tara waɗannan kuɗi ke fara da auna nauyi, sannan su karanta rubutun gefe. Harrufa irin su COS da TR P na nuna muƙaman sarki, da su ake gane shekarar bugu. Suna kuma lura da jabu, domin tun a wancan zamanin ana lulluɓe tagulla da azurfa a cuci jama'a.

Sunan bai mutu ba. Daga denarius Larabawa suka samu dinar, daga nan muka samu zinariya. Dattawanmu kuma za su tuna harafin "d" da ake rubuta kwabo da shi kafin zuwan naira a 1973. Shi ma daga denarius ya fito.

Allah ya sa wa nemanmu albarka.