Tarihin Furotin Duffy da Zazzaɓin Cizon Sauro a Yammacin Afirka

1.0 Gabatarwa

Madekali gari ne a gundumar Malanbil, cikin Jamhuriyar Benin, a bakin Kwara, kusa da inda iyakokin Benin da Nijar da Nijeriya suka haɗu. Yanki ne na fadama da noman shinkafa, saboda haka zazzaɓin cizon sauro ba baƙo ba ne ga Dendawa da Hausawa da Fulanin da ke zaune a wurin. Shekara da shekaru masana sun yi ittifaƙi a kan cewa nau'i ɗaya na ƙwayar wannan zazzaɓi, wanda ake kira bibaks, ba ya kama mutanen irin wannan yanki. Wannan takarda za ta bi diddigin yadda aka kai ga wannan ra'ayi da kuma yadda aka sake duba shi.

2.0 Antibodi a Ɗakin Gwaje-gwaje

Antibodi sinadari ne da garkuwar jiki ke ƙerawa domin ya kama baƙon abu. Kowane antibodi abu guda yake ganewa, kamar yadda kowane makulli yake da kwaɗonsa. Idan aka zuba shi a kan jajayen ƙwayoyin jini masu ɗauke da furotin ɗin da yake nema a bayansu, sai ƙwayoyin su cure wuri guda. Idan babu furotin ɗin, sai su zauna a warwatse. Ta lura da wannan curewa ce Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini na A da B da O a 1901 a birnin Biyana.

3.0 Gano Furotin Duffy

A 1950 Marie Cutbush da Patrick Mollison da Dorothy Parkin suka sami wani sabon antibodi a Ingila, cikin jinin wani majiyyaci mai ciwon rashin daskarewar jini, wanda aka sha yi wa ƙarin jini. Sunan majiyyacin Duffy, shi ya sa aka laƙaba wa furotin ɗin wannan suna. A 1951 aka sami antibodi na biyu, mai gane ɗaya nau'in furotin ɗin. A 1955 Ruth Sanger da abokan aikinta suka gwada jinin baƙaƙen fatar Amurka, suka tarar kusan kashi 70 cikin 100 jininsu bai cure da ko ɗaya daga cikin biyun ba. Binciken baya ya nuna cewa a Yammacin Afirka adadin ya haura kashi 95.

4.0 Alaƙarsa da Zazzaɓi

Likitoci sun daɗe da lura cewa bibaks, wanda ya addabi Indiya da Kudancin Amurka, ba kasafai ake ganin sa a Yammacin Afirka ba. Aikin Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976 a tsohuwar Jihar Kano, nau'i uku ya ba da rahoto a kansu: falsifarom da malariye da obale. A 1976 Louis Miller da abokan aikinsa a Amurka suka ba da dalili. Sun sa sauro mai ɗauke da bibaks ya ciji mutum 17 da suka yarda a gwada su. Biyar da ba su da furotin Duffy ba su kamu ba, sauran kuwa suka kamu. Daga nan aka fahimci cewa furotin ɗin ƙofa ce da ƙwayar cutar ke bi ta shiga jan ƙwayar jini. A 1995 masana a Faransa suka gano cewa sauyin harafi guda a ƙwayar gado shi ne ke hana furotin ɗin fitowa a jajayen ƙwayoyin jini.

5.0 Sake Dubawa

Wannan ra'ayi ya zauna daram har ya zama idan ma'aikaci ya ga mai kama da bibaks a madubin gwaji, yakan ɗauke shi a matsayin obale, domin su biyun suna kama da juna. Amma a 2010 aka tabbatar da bibaks a jinin mutanen Madagaska marasa furotin Duffy. A 2016 aka ba da irin wannan rahoto daga masu ba da gudummawar jini a kudancin Benin, a 2017 kuma daga yara a Bandiyagara ta ƙasar Mali. A 2023 ƙungiyoyin bincike biyu suka nuna cewa ƙananan ƙwayoyin jinin da ke tasowa a cikin ɓargo sukan fitar da ɗan furotin ɗin na wani lokaci, ko a jikin waɗanda aka ce ba su da shi. Gwajin curewa na dā manyan ƙwayoyi kawai yake dubawa, shi ya sa bai gan shi ba.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa furotin Duffy yana da muhimmanci, kuma rashinsa kariya ce ta gaske, sai dai ba cikakkiya ba ce. Wannan ya shafi Madekali kai tsaye. Yawancin kayan gwajin gaggawa da ake amfani da su a asibitocin karkarar yankin falsifarom kaɗai suke ganewa. Bibaks kuwa yakan ɓuya a hanta ya dawo bayan watanni, kuma sai da magani na daban, irin su firimakwin, ake fitar da shi daga can. Hausawa kan ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Tunda an same shi a kudancin Benin da Mali, ya kamata a neme shi a bakin Kwara kafin a yanke hukuncin cewa babu shi.