Bakin Tsoho da Bakin Sabo: Tarihin Katin da Ke Ceto Tsohuwar Kwamfuta

Yau tarihi zan ba ku, amma tarihin da zai iya hana wani ya sayar wa 'yan gwangwan kwamfutarsa.

A 1986 kamfanonin Western Digital da Compaq a Amurka suka fito da hanyar haɗa faifan ajiya, wato had-dis, da uwar allon kwamfuta. Ita ake kira IDE, mai waya faffaɗa kamar ɗamara da ƙananan allurai 40. Ta yi zamaninta har 2003, lokacin da SATA ta shigo da siririyar waya mai baki 7. Da Turawa suka koma sabo, sai tsofaffin suka kwararo mana. A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ce kwantena wajen 500 na tsofaffin kayan lantarki ke sauka Legas duk wata. Daga can suka hau mota zuwa Kano da Zariya, har shagunan buga takardu na garuruwanmu.

To ga inda gizo ke saƙar. Yanzu an daina ƙera faifan IDE. Idan naka ya mutu, sabon da za ka samu a kasuwa bakinsa daban ne. Sai mai gyara ya ce maka ta tsufa, alhali kati ɗaya ne maganin: katin SATA da ake sokawa a farin ramin PCI, wanda Intel ta fito da shi tun 1992.

Shawarata kafin ka shiga motar Zariya, abu uku ne. Na farko, buɗe ka duba ramin, don katin PCI Express ba ya shiga tsohon PCI. Na biyu, tambayi ko katin na iya tayar da kwamfuta da kansa, tunda wasu ajiya kawai suke ƙarawa. Masu guntun Silicon Image 3112 ko 3114 sun daɗe suna aiki da Windows XP, amma ka karɓi direbansa. Na uku, ka sani tsofaffin injina kafin wajen 2002 ba sa ganin fiye da gigabait 137. Kati mai kyau na tsallake wannan shingen, in dai XP ɗin an sabunta shi. Kada ka sa ran gudun sabuwa, ramin PCI bai wuce megabait 133 a daƙiƙa ba.

Me ya dame ni da wannan? Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Yaron da ya tashi a gonar rake a Makarfi, bai taɓa riƙe linzami ba sai ranar jarrabawa, an riga an ci shi rabi. Tsohuwar kwamfuta ɗaya da aka farfaɗo ta isa yaran layi guda su koyi madannai.

Don Allah 'yan uwa, wanda ke da irinta a ƙarƙashin gado, ya kakkaɓe ta. Sai mun haɗu a shiri na gaba.