Ƙofar da Kwalara Ba Ta Iya Rufewa

A ranar 5 ga Yulin 2018, mutum uku 'yan gida ɗaya daga Jibiya suka tsallaka iyaka zuwa wata cibiyar lafiya a gundumar Madarunfa ta jihar Maradi, suna fama da amai da gudawa. Su ne na farko da hukumomin Nijar suka rubuta a annobar kwalarar wannan shekara, wadda zuwa farkon Oktoba ta kama sama da mutum 3,600, ta kashe 68. Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Katsina ta ratsa Daddara, ta bi Jibiya ta faɗa Ɗan Isa, ba zai yi mamaki ba: kasuwa ɗaya ake ci, zuri'a ɗaya ce, kuma asibitin da ya fi kusa shi ake nufa. Abin lura yana cikin alƙaluman. Ƙasa da mutum biyu cikin ɗari ne suka rasu, a cutar da kan kashe kusan rabin waɗanda ta yi wa mugun kamu idan ba a yi musu magani ba. Wani ɓangare mai girma na wannan tazara ya samo asali ne daga binciken wani abu da ido ba ya gani, wato tantanin da ke lulluɓe da kowace ƙwayar halitta ta jiki.

Tantanin nan na maiƙo ne. A 1925 wasu masana biyu a Holan, Evert Gorter da François Grendel, suka tatsi maiƙon jajayen ƙwayoyin jini suka shimfiɗa shi a kan ruwa, sai suka ga ya rufe fili ninki biyu na faɗin ƙwayoyin. Daga nan suka ce tantanin ruɓi biyu ne. Daga baya an gano ba su tatse maiƙon duka ba, kuma sun rage faɗin ƙwayoyin a lissafi. Kuskuren biyu suka cinye juna, amsar ta fito daidai. Siririntarsa kuwa ta kai a jera sama da dubu goma kafin a samu kaurin takarda ɗaya.

Sai dai maiƙo ba ya barin gishiri ko sukari su ratsa shi. Saboda haka akwai manyan sinadaran furotin da ke dashe a cikin tantanin, kowanne ƙofa ce mai nata sharaɗi: wata ta sodiyam, wata ta kuloraid, wata ta ruwa. Singer da Nicolson a Amurka ne suka fito da wannan siffa a dunƙule a 1972, cewa furotin suna yawo a cikin maiƙon, ba a kafe suke ba.

A kan waɗannan ƙofofi kwalara take yin ɓarnarta. Ƙwayar cutar ba ta shiga jini, ba ta kuma yaga hanji. A 1959 wani likita a Kalkata, Sambhu Nath De, ya nuna cewa ko an tace ƙwayoyin an cire su, ruwan da suka zauna a ciki yana cika hanjin zomo da ruwa. Ashe dafi suke saki. Dafin furotin ne mai sassa shida. Biyar suna riƙe wani maiƙo mai sukari a ka da ke fuskar tantanin hanji, na shidan ya kutsa ciki ya sa ƙofar kuloraid ta buɗe ta ƙi rufuwa. Kuloraid na fita, sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su duka. Babban mutum na iya zubar da lita guda cikin sa'a ɗaya, gudawa mai kama da ruwan wankin shinkafa. Ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da ya fita, ruwan gishiri kaɗai kuma hanjin ba ya tsotsarsa yadda ya kamata.

Mafitar ta zo daga wanda ba kwalara yake bincike ba. A 1960, a wani taro a birnin Prague, Ba'amurke Robert Crane ya bayyana cewa akwai wata ƙofa a tantanin hanji da ba ta shigar da gulukos sai tare da sodiyam. Shekaru kaɗan bayan haka likitoci a Dhaka da Kalkata suka tabbatar cewa dafin kwalara ba ya taɓa wannan ƙofa. Idan an haɗa sukari da gishiri daidai gwargwado, sodiyam zai koma jiki ta nan, ruwa ya bi shi, ko da gudawar ba ta tsaya ba. David Nalin da Richard Cash suka buga sakamakon gwajinsu na Dhaka a 1968. Babbar jarrabawar ta zo a 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladash da ke Bangaon, inda ruwan ƙari na jijiya ya yi ƙaranci. Dilip Mahalanabis ya sa 'yan uwan marasa lafiya su riƙa ba su haɗin da kofi, abin da likitoci da yawa na lokacin suke ganin ganganci ne. Mace-mace suka sauka daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa 3.6.

A daidai wannan lokaci cutar take shigowa Afirka ta Yamma. Annobar da ta faro a Indonesiya a 1961 ta sauka Gini a 1970, ta iso Najeriya a ƙarshen shekarar, kuma a 1971 ta kama sama da mutum 22,000 a ƙasar. Ruwan gishiri da sukari bai zama abin da kowace uwa ta ji labarinsa ba sai a shekarun 1980, musamman zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992.

Saƙon da aka yaɗa ya yi sauƙi, amma sauƙin ya ɓoye wani sharaɗi: ƙofar tana aiki da ma'auni. Idan sukari ya yi yawa, rarar da ba a tsotse ba tana janyo ruwa zuwa cikin hanji, gudawa ta ƙaru. Shi ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbin haɗin, kuma shi ya sa a farkon shekarun 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka rage ƙarfin haɗin leda. Ma'aunin gida shi ne ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Wanda ya galabaice har ba ya iya sha, sai ƙarin ruwa a asibiti.

A 2021 Najeriya ta samu sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, kimanin 3,600 suka rasu, wato fiye da uku cikin ɗari, alhali mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da ɗaya ne. Kwalara na iya kisa cikin sa'o'i, kuma a ƙauyukan Jibiya, inda rashin tsaro ya mayar da tafiyar dare kasada, sau da yawa sa'o'in nan a gida ake yin su kafin gari ya waye.