Amosanin Jini da Zazzaɓin Cizon Sauro: Hujjar Haɗa Nazarin Al'ada da na Halitta a Karatun Babban Digiri

Tsakure

Maƙalar ta duba rabuwar da ke tsakanin rassa biyu na ilimin nazarin ɗan Adam, wato reshen al'ada da reshen halittar jiki, ta kuma ɗauki cutar amosanin jini a Afirka ta Yamma ta zama misalin matsalar da reshe ɗaya ba ya iya warware ta shi kaɗai.

Gabatarwa

Tsarin da Franz Boas ya shimfiɗa a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, inda Alfred Kroeber ya kammala digiri na uku a hannunsa a 1901, ya tanadi cewa ɗalibi ya san al'ada da harshe da kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa da kuma halittar jiki kafin ya zaɓi fannin da zai ƙware a kai. Da tafiya ta yi tafiya sai rassan suka yi nisa da juna, har ta kai ga sashen wannan ilimi na Jami'ar Stanford ya dare gida biyu a 1998, bai sake haɗewa ba sai a 2007. Ɗalibin da ya tashi a irin wannan yanayi yakan fito ko dai gwanin ɗakin gwaje-gwaje wanda bai san yadda ake ƙulla aure a garin da ya ɗebo jini ba, ko kuma gwanin hira da dattawa wanda lissafin gadon halitta ke ba shi tsoro.

Daga gona zuwa jini

Amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila, yana samuwa ne daga sauyi guda a ƙwayar gado mai sarrafa himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jajayen ƙwayoyin jini, kuma wanda ya gaji sauyin daga uwa da uba shi ne mai SS, yayin da wanda ya gaje shi daga ɓangare ɗaya ake ce masa mai AS. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu AS suna da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, abin da ya bayyana dalilin da ya sa ƙwayar gado mai kisa ba ta ɓace ba. Sai dai bayaninsa bai amsa tambayar da ta fi wuya ba: me ya sa al'ummomi biyu maƙwabta ke bambanta sosai a yawan masu ɗauke da ita?

Amsar ta zo ne a 1958 daga Frank Livingstone, wanda ya yi aikinsa na digiri na uku a Laberiya, kuma hujjarsa ta fi dogara ga tarihin noma fiye da likitanci. A ganinsa, sare kurmi domin yin gona ya buɗe ƙasa ga hasken rana, ya samar da ƙananan kududdufai irin waɗanda sauron Anopheles gambiae ke hayayyafa a ciki, sannan zama wuri ɗaya a ƙauyuka ya tara masa mutanen da zai ciza, ta yadda zazzaɓin ya zauna daram, shi kuma zazzaɓin ya fifita masu AS zuriya bayan zuriya. Binciken ƙwayoyin gado na Shriner da Rotimi na 2018 ya ƙiyasta cewa sauyin ya faru sau ɗaya kimanin shekara 7,300 da suka wuce, amma wannan bai rushe hujjar Livingstone ba, domin bayyanar ƙwayar gado daban, yaɗuwarta daban.

Shaidar da ta fi kusa ta fito ne daga binciken Garki, a Jihar Jigawa ta yanzu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar tare da gwamnatin Najeriya tsakanin 1969 da 1976. An tarar kusan kashi 2 cikin ɗari na jarirai masu SS ne, amma da wuya a same su cikin manya, yayin da masu AS suka tashi daga kimanin kashi 24 a jarirai zuwa kusan 29 a waɗanda suka haura shekara biyar. Waɗannan alƙaluma na nufin mutuwar yara ce ke tace al'umma a gaban idon masu bincike.

Inda gwajin jini ya tsaya

Gwajin jini yana iya cewa ma'aurata masu AS suna fuskantar yiwuwar ɗaya cikin huɗu a kowane ciki na haihuwar mai SS, amma ba ya faɗin yadda iyali ke fassara mutuwar 'ya'ya a jere. Yarabawa na da abiku, Ibo na da ogbanje, Hausawa kuma na da ɗan wabi, kuma akwai masanan da suka danganta wani ɓangare na waɗannan mace-mace da sikila, ko da yake kuskure ne a mayar da kowane wabi mai sikila, tun da ƙyanda da gudawa ma sun ci nasu rabon. Aikin Duana Fullwiley a Senegal, wanda ya fito a 2011, ya nuna cewa hatta iƙirarin likitoci na cewa sikilar ƙasar mai sauƙi ce yana da alaƙa da ƙarancin kuɗin kiwon lafiya da kuma yadda marasa lafiya ke jinyar kansu. Haka nan dokar gwaji kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024 ba za a iya auna tasirinta ba sai an san waye ke yanke shawarar aure, da matsayin auren zumunci, da halin da budurwa ke shiga idan aka fasa bayan an sa rana.

Saboda haka manhajar babban digiri da ba ta wajabta wa ɗalibin al'ada koyon lissafin gadon halitta ba, ba ta kuma wajabta wa ɗalibin halitta zama cikin al'umma da jin harshenta ba, tana da giɓin da ya kamata majalisun jami'o'i su cike tun daga shekarar farko ta karatu.