Daga taguwar Basus zuwa Tafashiya: ina kalmar "basasa" ta samo asali?

Turawa na kiran yaƙin da aka yi a Kano daga 1893 zuwa 1895 da "Kano Civil War". Mu kuwa Basasa muke cewa. Shin abu ɗaya sunayen biyu ke faɗa?

Kalmar "civil" daga Latin take, daga "civis", wato ɗan ƙasa. Rumawa sun kira irin yaƙin da Kaisar ya yi da Pompey tun 49 kafin haihuwar Annabi Isa "bellum civile": faɗan 'yan ƙasa ɗaya. Sunan Turancin ke nan, bai wuce batun zaman ƙasa ba.

Basasa kuwa, masana da dama na danganta ta da Harbul Basus, yaƙin jahiliyya tsakanin Bakr da Taglib, ƙabilu biyu masu kaka ɗaya. Kulaib, shugaban Taglib, ya harbe wata taguwa da ke ƙarƙashin kariyar wata mata mai suna Basus. Jassas, ɗan 'yar'uwarta, ya kashe Kulaib, alhali mijin 'yar'uwarsa ne. An ce shekara 40 ana zubar da jini. Labarin ba baƙo ba ne ga malaman zaure masu karanta waƙoƙin jahiliyya.

To dubi Kano. Da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi ya ƙi, ya fice zuwa Takai. Bello da Abdullahi duk 'ya'yan Ibrahim Dabo ne, ka ga Tukur da Yusufu 'yan maza zar ne. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, Aliyu Babba ya karɓi jagoranci ya ci birni. Tukur ya yi arewa maso yamma, ta karkarar da gona ke manne da gona, har aka ci shi a Tafashiya a 1895. Garuruwan karkara sun rabu Tukurawa da Yusufawa, aka kuma bautar da musulmi 'ya'ya.

Abin da sunan Hausar ya riƙe ke nan wanda na Turanci ya sake: zumunci ne ya tsage. Daga baya kalmar ta faɗaɗa, har muka kira yaƙin Najeriya na 1967 zuwa 1970 da ita.